Kaka Ta Shigo Garka

Agadas, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Baba Jatau, a gidanmu na Tsibiri.

Baba, ina gaishe ka da kyau. Yaya ƙafar taka? Idirisa ɗan kawuna ya ce mani ranar da ya je ya tarar kana ɗingishi, kuma wai ka ƙi zuwa likita. Ni lafiya lau, sai aiki. Mu biyu ne kaɗai sajfam, wato ungozoma, a nan, haihuwa kuwa ba ta jiran kowa ya huta. Salular da na bar maka na kira ta har na gaji, in ka ɗauka sai "Wa? Wa?" har kiran ya yanke. Kunnen nan naka ya maida ni ga takarda, tun da dai karatun manya da ka yi bai tafi a banza ba. Ka riƙa ba Idirisa amsa, shagonsa na Sabon Gari kusa yake da tasha, shi zai sa mani ita a kar, motar fasinja mai zuwa nan.

Saƙo ya iso, na gode. Amma Baba, in faɗa maka gaskiya, da na kwance buhun raina bai yi mani daɗi ba. Zogale bai kai rabin na bara ba, rogo kuwa guda bakwai na gani, su ma ƴan sirara. Ruwa ya yi bana, kowa ya faɗa. Rijiyar garka kuma ban ji an ce ta ƙafe ba.

Ka san garkar nan ta bayan gida babana Yo'el ya kafa ta da hannunsa. Da ya rasu dangi sun ce a rufe gidan, ni na tsaya na ce a'a, a bar ka a ɗakin zaure ka riƙe garka, don kai ɗan ƙanen kakana ne, ba bare ba. Ba zargin ka nake ba. Tambaya ce kawai: ina rogon ya tafi?

Ɗiyarka,
Ruhama

Tsibiri, ranar kasuwa

Ɗiyata Ruhama,

Na ga takardarki, na yi murna da ganin hannunki. Ƙafa da sauƙi, gwiwa ce kawai ke gardama da safe. Idirisa surutu gare shi, kada ki biye mashi. Mutanen gari lahiya, an gama yankan gero, amma bana tsuntsu ya yi ɓarna wajen fadama.

Maganar zogale, kusu ne. Suna cin bawon gindi hal icen ya bushe a tsaye. Na yi masu abin da na iya. Na binne tukwane biyu hal wuya tsakanin layi, na zuba ruwa rabi, na yayyafa ƙaiƙayi a bisa, in kusu ya taka sai ya nutse. Wata safiya shidda na tsamo. Na share ciyawar da suke ɓoyewa, na kuma roƙo kyanwa, sai dai ragguwa ce, ta hi son barci bisa bakin rijiya.

Rogo kuwa ba kusu ba ne. Kaka ce ta shigo garka bana. Shekara shidda rabona da ganin sawunta a ciki, sai ga ta. Ta gefen rijiya take shigowa, ƙarƙashin danga, kuma ba ta zuwa da rana. Da safe sai in ga gindin rogo tsaye kore shar, in kama in ja, in ji ba komi ƙasa, an kwashe. Ban hana ta ba, kin san ba a hana ta. Gero da gyaɗa nike aje mata bayan danga ko ta tsaya can, wani lokaci ta ɗauka, wani lokaci ta ɗauka kuma ta shigo.

Abin da nike so, ki sa Idirisa shi aiko mani da giriyaj, ragar waya mai ƙananan ido, kamar metir talatin. Zan gina rami kewaye da rogon in binne shi kamu guda cikin ƙasa. Haka ba wanda aka ɓata ma rai, ita da mu duka.

Allah shi tsare ki inda kike.

Babanki,
Jatau

Agadas, 29 ga Oktoba

Baba Jatau,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da ƙafa ta yi sauƙi. Ni ma na yi mura kwana uku, ta wuce.

Na karanta takardarka sau uku, a na ukun sai da na zauna. Ka ce na san ba a hana ta. Ban sani ba, Baba. Wa ya kafa wannan doka, kuma yaushe? Garkar ubana ce. Ta shigo ta ƙarƙashin danga lokacin da ba mai ganin ta, ta kwashe rogo, kai kuma ladan da ka ga ya dace shi ne ka ƙara mata da gero da gyaɗa? Geron wa? Na rumbun gidanmu, ko ba shi ba?

Akwai maganar da ɗiya ba ta yi wa uba, don haka ba zan tambaye ka abin da ke tsakaninka da ita ba. Ba huruminna ba ne. Amma rogo huruminna ne. Ka faɗa mata ta daina. In kana jin nauyin ta, ni ba na ji, zan sa a faɗa mata.

Giriyaj kuma ban sa a aiko ba. Tun da nake ban taɓa ganin an yi wa mai shiga garka danga a cikin ƙasa ba. Metir talatin mai ƙananan ido, wannan ai na akurkin kaji ne, mu kuwa ba mu da kaji. Kada ka ga kamar nisa ya maida ni yarinya.

Na sa Idirisa ya sayo maganin kusu, zai kawo maka. Ka kwaɓa da ƙuli-ƙuli ka ajiye a gindin zogale da bakin danga, ka daina wahala da tukwane.

Ruhama

Tsibiri, da dare, Juma'a saura kwana biyu

Ruhama,

Gaisuwa. Ina lahiya. Sanyi ya fara, gwiwa ta tashi, amma ina ban ruwa kullum.

Takardarki ta ɓata mani rai, ba ni ɓoye maki. Na yi kwana huɗu ban iya ɗaukar alƙalami ba. Ki iya bakinki a kan Kaka. Ta riga ki sanin gidan ga. Kin ce ba ki tambayar abin da ke tsakanina da ita, to na gane, ku mutanen Littahi ba ku son jin irin wanga zance, ban kuma matsa maki ba. Amma ki sani abin da ke tsakanina da ita ya shahe ki, ko kin so ko kin ƙi. Babanki ya san da ita sarai. Duk wa'azin da yake yi bai taɓa ɗaga mata hannu ba. In ya ga ta shiga, kau da kai yake yi, shi ce mani, "Jatau, ka ji da ita."

Kin ce in faɗa mata ta daina. Ina faɗa mata mana, kullum da marece in tsaya bakin danga in roƙe ta. Sai dai bakunan da take ci da su bana da yawa.

Maganin da kika aiko na maida ma Idirisa yadda ya zo, ko kwance ledar ban yi ba. Ba ni sa shi cikin garkar ga. Ƙuli-ƙuli fa kika ce. In ta tsinta ta ci, ko ta kai ma ƙananan da ke gidanta, mi zan ce? Tukwanena sun ishe ni da kusu, jiya ma huɗu.

Giriyaj ba na kaji ba ne. Tun da aka haihe ki ban taɓa yi maki ƙarya ba, ban ga abin da zai sa in fara da tsuhwana ba. Gindi goma sha ɗaya suka rage. In kin aiko a kan lokaci za su tsira.

Jatau

Agadas, 20 ga Nuwamba

Zuwa ga Idirisa, Sabon Gari, Maradi.

Ɗan kawuna, mai ƙusa da kwano, ina gaisuwa. Yaya Zuliha da nauyin jiki? Ka ce mata ta daina ɗaukar tulu, in ba haka ba in na zo ni da ita ne. Yau ba wasa ya kawo ni ba, ka karanta wannan kai kaɗai.

Ban amsa takardar Baba Jatau ta ƙarshe ba, don in na amsa zan faɗi abin da ba ya gyaruwa. Ka san Kaka matar marigayi Gambo, wadda gidanta ke bayan dangarmu ta gefen rijiya? Wadda ke riƙon jikokinta, take sayar da dafaffen rogo a ƙofar lakwal, makarantar yara? To ita ke kwashe rogon garkarmu. Ba zato nake ba, Baba da hannunsa ya rubuta mani sunanta. Ya ce ta ƙarƙashin danga take shiga, ya ce wai ba a hana ta. Yana ba ta geronmu. Ya nemi in saya masa giriyaj, na tabbata kajinta zai yi wa ɗaki. Maganin kusun da ya maido maka, ka san dalili? Wai kada ta tsinta ta kai wa jikokinta. Ka ji yadda garkar ta zama tata.

Tsoho in yana son aure ya fito ya faɗa, ni zan ɗinka masa riga. Abin da ya ƙona mani rai shi ne da ya jawo babana cikin zancen, wai shi ma ya san da ita yana kau da kai. Mutumin da ke kabari. Na yi kuka ranar, Idirisa, kukan haushi.

Ka je Tsibiri ran Lahadi ka kai maganar gaban mai unguwa. A kira ta, a kira Baba, a tambaye shi a gabanta, in ga ko zai musa abin da ya rubuta. Ba na neman a biya ni komi, a dai ja mata kunne. Ka kuma fara duba mani wanda zai riƙe garka. In Baba bai canza ba, ɗiyarsa Tasalla tana Jiratawa, ya koma can. Ina jin ciwon rubuta haka, amma na gaji da a maida ni shashasha don ina nesa.

Ruhama

Tsibiri, kashegarin zaman mai unguwa

Ruhama,

Ina gaishe ki don gaisuwa wajibi ce. Lahiyar jiki akwai.

Jiya da hantsi aka aiko in zo ƙohwar mai unguwa. Na tarar da mutane cike, ga Idirisa, ga matar Gambo zaune can gehe ta rufe kai. Na ɗauka wata shari'a ce tata aka kira ni shaida. Kin san kunnena. Mai unguwa ya matso ya ɗaga murya ya ce, "Jatau, gaskiya ne Kaka ke ɗibar rogon garkarku?" Na yi mamakin yadda zancen cikin gida ya hito waje, amma na ce, "I, ita ce." Ya ce, "Ka gani da idonka?" Na ce, "Sawunta nike gani kullum."

Sai baiwar Allah nan ta ɗora hannu bisa kai ta fashe da kuka. Ta ce, "Jatau, mi na yi maka? Ni da nike aiko maka da hura?" Na ga Idirisa na nuna ta da yatsa, da takardarki a hannunshi. Nan na gane. Shekara talatin muna maƙwabtaka, matar Gambo nike ce mata, ko sau guda bai zo mani a rai ba sunanta ke nan.

Yanzu ki ji abin da na ɗauka kin sani. Kowane gida na Anna, mu masu bin addinin kakanni, yana da kan gida, abin da ba shi kashewa, ba shi ci, ba shi kiran sunanshi. Namu, tun kakan kakanki, gafiya ce. Ga shi na rubuta. Kaka muke ce mata. Ban san babanki ya tashe ku bai faɗa maku ko wannan ba.

Na ce masu ba wagga Kaka ba. Suka ce to wace? Shekarata saba'in da wani abu sunan nan bai taɓa hita bakina ba, jiya na faɗe shi gaban gari. Dariya suka yi. Wani ya ce tsoho na rufa ma budurwarshi asiri. Ita ko tana ta kuka tana rantsuwa daga Jiratawa take saro rogonta. Na duba huskokinsu na ga ba mai yarda. In aka tashi haka, ba mai sake sayen rogonta a ƙohwar lakwal, da shi kuwa take ci da jikoki biyar.

Sai na ce su biyo ni. Na ɗauki hauya. Na san bakin ramin, ƙarƙashin dalbejiya bayan rijiya, kullum nike share mashi ciyawa. Na gina da hannuna, gari na kallo. Na bi shi kusan gaba biyu, hal na kai ɗakinta. Ga guntayen rogo cike, ga gyaɗar da nike aje mata, ga ɗiya huɗu ko ido ba su buɗe ba. Ta hito a guje ta bi ta ƙafahun mutane, Idirisa ya kai mata shebur sau guda, nan take ta mutu. Ban ga laihinshi ba. Shi dangin uwarki ne, a wurinshi ɓarauniyar rogo ce kawai. Ɗiyan na rufa masu buhu, yau da safe na tarar sun yi sanyi.

Mai unguwa ya wanke matar Gambo gaban kowa. Ba ta dube ni ba da za ta tahi.

Idirisa ya ji kunya, ya ba ni takardarki in karanta don in san ba shi ya ƙirƙira ba. Na karanta duka, hal wajen Tasalla. Ba sai kin nemi mai faɗa mani ba. Gindi tara suka rage, yanzu ba mai taɓa maki su.

Jatau

Agadas, 4 ga Disamba

Baba,

Ban san da wane baki zan gaishe ka ba. Takardarka a bakin aiki ta same ni, na shiga ɗakin magani na rufe ƙofa. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, kuma tsoro nake ji kada wannan ta same ka ka riga ka tashi.

Laifin nawa ne daga farko har ƙarshe. Kalma ɗaya ce, in rubuta maka "wace Kaka?" Ban rubuta ba, wai ina jin nauyin ka. Na ji nauyin tambayar ka, ban ji nauyin kai ka gaban mai unguwa ba. Babana bai taɓa faɗa mana ba, Baba, ko da wasa. Yanzu na tuna wata rana yayana ya kawo ta daga daji zai gasa, babana ya karɓe ya binne, muka ɗauka ƙyama ce.

Na nemi kwanje, wato hutun aiki, sun ba ni ƙarshen wata. In na sauka ba zan shiga gidanmu ba sai na fara durƙusawa gaban matar Gambo, a ƙofar gidanta inda mutane za su gani. Na ce Idirisa ya daina neman kowa. Ɗakin zaure naka ne, garka taka ce, don Allah kada ka tafi.

Abu ɗaya nake roƙo ka faɗa mani. In an yi irin wannan ɓarna, me ake yi a gyara? Na san dole akwai abin da ake yi. Ni ba zan iya sa hannu ba, ka san imanina, amma ni na jawo maka, ba kuma zan tsaya a hanyarka ba. Ka faɗi abin da ake buƙata da wanda ake kira.

Ɗiyarka in har ka yarda,
Ruhama

Jiratawa, gidan Tasalla

Ɗiyata Ruhama,

Takardarki ta biyo ni nan, Idirisa ya kawo da kanshi bisa babur. Ina lahiya. Tasalla na gaishe ki, ta ba ni ɗaki mai taga, mijinta ya bar mani layin albasa biyu in riƙa tsugunawa kada in ruɓe da zama.

Na yahe maki. Tun ranar na yahe, don ban taɓa ganin wanda ya san abin da ba a faɗa mashi ba. Ni ma da na buɗe baki sosai da ba a kai nan ba. Ki je wurin matar Gambo yadda kika ce, kada ki tahi da tsaraba, ki tahi da kanki kawai. Ta koma sayar da rogonta, an ce ana saye.

Komawa ce ba ni yi. Ba hushi ba ne. Na gwada kwana takwas bayan abin, in na ɗauki guga na doshi rijiya sai ƙafa ta ƙi. Wanda ya tone ɗakin Kaka da hannunshi ba shi cin abin da ƙasar nan ta hiddo, wannan kam na sani. Makullin yana wurin Idirisa. Wanda zai riƙe maki garka, ki ce mashi zogalen gabas ba shi son ruwa da yawa.

Kin tambaye ni mi ake yi a gyara. Akwai abin da ake yi, na ga an yi sau guda ina ƙarami, ban riƙe komi ba sai cewa an hana mu hita. Ba kowa ake koya ma ba, babban ɗa na gida kaɗai. Kakanki ya koya ma babanki, shekara guda kahin shi shiga addininku. Duk zaman da muka yi da shi, garka guda, akushi guda, kullum ina cewa gobe zan tambaye shi, sai in ji nauyi kada in sa shi faɗin abin da ya bari. Hal ya rasu ban tambaya ba. Na zagaya Tsibiri da nan, ba sauran wanda ya sani.

Ki gaida abokiyar aikinki. In kin zo ki biyo ta Jiratawa in gan ki.

Babanki,
Jatau